Daga Akwatin Hoto Zuwa Jirgin da Ba Ya Sallama

Jirgin ƙasa ne ya kawo yawancin Hausawa Agege, goro kuma ya zaunar da su. Dogon da ya tashi daga Ikko, wato Legas, ya isa Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911. Tafiyar da fatake ke yi wata da watanni da jakuna zuwa Gwanja neman goro sai ta koma ta 'yan kwanaki a tarago. Manoman Agege suka dasa goro, kakanninmu suka kafa zango kusa da tasha suna saye, suna ɗaure huhu, suna lodawa arewa. Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago kowace da nata labarin. Mu da muka zo a baya-bayan nan a Isolo muka samu ɗaki. To amma duk wanda ya bar gida ya yi nisa haka, mutanen gida na bin sa bashin abu guda: shaidar cewa yana raye, kuma kurmi bai cinye shi ba. Wasiƙa wani ke rubuta maka, wani ke karanta wa tsohuwa, ana iya ƙara gishiri ta kowane ɓangare. Hoto kuwa gani ne, ya kori ji. A kan wannan bashin sana'armu ta tsaya, kuma a cikinta gashina ya yi fari.

Ba mu muka fara ta ba. Tun a 1895 George Da Costa ya buɗe situdiyo a Legas, shi ne ma ya ɗauki hotunan aikin shimfiɗa dogon da ya kawo mu. Marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya soma tattara hotunan kitson matan Najeriya a 1968 har duniya ta san shi, a garin nan ya yi zamansa. Mu 'yan arewa a hannun Yarabawa muka koya. Maigidana mutumin Ijebu ne, shagonsa ba nisa da Pen Cinema, can inda gadar sama ta ratsa yanzu. Na shiga hannunsa a farkon shekarun 1980, kuma ya ɗauke ni ne don ina jin Hausa, shi kuma rabin masu zuwa wurinsa 'yan goro ne da mahauta da 'yan tireda.

A lokacin kyamarar fim ta riga ta zama gari, amma bai yar da tsohon akwatinsa ba, saboda masu hoton fasfo da ba su iya jiran gobe. Akwati ne na katako bisa ƙafa uku, da gilashi a gaba, da hannun riga na baƙin ƙyalle a jiki. Mutum zai zauna a benci, bayansa farin zane, a ce masa kada ya motsa, kada ya ƙifta. Maigida ya zura hannu cikin ƙyallen ya daidaita takarda da lalube, ya cire murfin gilashi, ya ƙirga a zuci, ya mayar. A cikin akwatin nan akwai ƙananan tasoshi biyu na ruwan magani. A nan yake wanke takardar yana leƙawa ta wata 'yar ƙofa. Abin da ke fara fitowa dodon hoto ne, fuska fara, hula baƙa. Sai ya manna shi a wani ɗan allo gaban gilashin, ya sake ɗaukarsa, sannan mutum ya fito da kamanninsa. Aikina shi ne ɗauraya a bokiti, in kaɗa a iska, in yanka da almakashi, in miƙa da sauran danshi. Ba lantarki, ba batir. Hasken rana da hannun gwani kawai.

Dattawanmu da yawa ba sa son hoto a wancan zamanin, wasu malamai ma na haramta shi ƙiri-ƙiri. Makka ce ta sassauto da su. Tun da aka kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975 komai ya koma takarda, takarda kuma ba ta tafiya sai da fuska. Na ga dattijon da ke tsallake titi don kada ya bi ta ƙofar shagonmu ya zo da asuba ya zauna a bencin nan, yana istigfari a hankali, gemunsa na rawa, har maigida ya roƙe shi ya dakata da tasbihin na ɗan lokaci don kada baki ya fito biyu. Samari kuwa nasu daban. Ranar Sallah layi suke yi. Akwai tarho marar waya a kan tebur, akwai rediyo, akwai agogon hannu na aro da ya zagaya hannuwa ba adadi. Yaron da ke tura baro a kasuwa zai kafa hula, ya ɗora tarho a kunne, hoton ya bi motar goro zuwa Gumel ko Illela. Ƙarya ce? Ni dai ban taɓa ɗaukarta ƙarya ba. Fata ce aka ɗauka a takarda, wasu kuma Allah ya cika musu.

Inda sana'ar ta fi wuya shi ne cikin gida. Mai hoto namiji ne, biki kuwa na mata ne: kamu, sa lalle, wuni. Ba ka shiga don an biya ka. Za ka tsaya a zaure, ko a bakin ƙofa in gidan haya ne irin na Legas mai ɗakuna suna kallon juna, ka yi sallama, a aiko yaro, a ce mata su kimtsa. Wadda ba ta so ta shige ɗaki. Wata uwar gida za ta nuna maka da yatsa: wannan ka ɗauka, waccan matar malam ce, ko inuwarta kada ta fito. In ka kuskure sau ɗaya, labari ya zagaya zango, ka gama cin abinci a unguwar. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, amma ita ce dokar farko da kowane yaron shago ke koya kafin ya san yadda ake sa fim.

Bidiyo ya zo ya tarar da dokar, bai kawar da ita ba. Bayan fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, kowane ango na son ya ga kansa a talabijin. Muka saɓa manyan kyamarorin Panasonic masu cin kaset a kafaɗa, yaro na biye da fitila mai zafi da doguwar waya, janareto na ruri a waje. Kaset ya wuce, faifai ya zo daga kasuwar Alaba, shi ma ya wuce. Wayar salula ta shigo a 2001, 'yan shekaru kaɗan ta yi ido, ɗakunan wankin hoto suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin Kodak mai yin fim da kansa ya durƙushe a 2012. Wanda bai koyi kwamfuta ba ya koma sayar da katin waya.

Sai ga abin da ya zo daga sama. Ɗaukar hoto daga sama tsohon buri ne: wani Bafaranshe da ake kira Nadar ya yi shi daga balan-balan a 1858, wani Bajamushe kuma ya ɗaura wa tattabaru kyamara a farkon ƙarnin da ya wuce. Amma aiki ne na gwamnati da soja da masu safiyo, har sai da kamfanin DJI na Shenzhen a ƙasar Sin, wanda aka kafa a 2006, ya fito da Phantom a 2013. Ƙaramin jirgi ne mara matuƙi mai farfela huɗu, wanda yara ke ce wa diron. Na farkon ko kyamara ba ya zuwa da ita, sai ka saya daban ka ɗaura. A 2016 Mavic mai naɗewa ya fito, a 2019 aka yi Mavic Mini mai nauyin giram 249, don a Amurka da wasu ƙasashe daga giram 250 ne rajista ke hawa kan mai wasa da shi. Daga nan ya shiga jakar kowane mai bidiyon biki. Yau in ba a ga ayarin motocin amarya daga sama ba, sai a ce mai hoton ɗan ƙauye ne.

Ɗan ƙanena, wanda ke riƙe min shago yanzu, ya zo min da waya yana nuna min kala-kala. "Baffa, wanne zan fara da shi? Wannan ya fi ƙarfin kyamara, wannan kuma ya fi araha." Na ce masa ya ajiye wayar ya fito waje. Ba mu daɗe a tsaye ba wani jirgin fasinja ya taso ta kanmu, har sai da muka yi shiru ya wuce. Na ce, "To, ka ga maƙwabcinka. Da shi za ka fara shawara."

Filin jirgin saman Murtala Muhammed titunansa biyu daga arewa zuwa kudu suka miƙe. Agege na ta bakin arewa, mu Isolo da Ajao Estate da Mafoluku muna ta bakin kudu. Wanda ya ga abin da ya faru a Iju-Ishaga ranar 3 ga Yunin 2012, da jirgi ya faɗo kan gidaje yana shirin sauka, ya san rufin kwanonmu a ƙarƙashin hanya yake. A Ingila, cikin Disambar 2018, rahoton ganin diron kusa da filin jirgin Gatwick ya sa an soke tashi da saukar jirage kusan 1,000. A nan gida, tun watan Mayun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta sanar cewa ba mai tayar da irin wannan jirgi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ga barikin soja na Ikeja, ga sansanin sojan sama. Wato unguwannin da Hausawan Legas suka fi yin biki su ne waɗanda samansu ya fi tsauri. Masu sayarwa ba za su faɗa maka wannan ba, su ciniki suke yi. Kuma ƙarancin nauyi bai wanke ka ba, musamman in kuɗi za ka karɓa. Takarda za ka nema tukuna.

Da ya ji wannan, sauran zaɓin bai yi wuya ba. Na hana shi 'yan araha na wasan yara, waɗanda ba su da GPS. Irinsu ba sa tsayawa cak a sama, iska ke jan su, sabon hannu kuma ba ya iya kokawa da iska da kyamara a lokaci guda. Ƙarshensa wayar lantarki ko tankin ruwan wani. Na hana shi babba mai tsada, don jirgin farko kusan kullum sai ya sha ƙasa, gara ya faɗi da kuɗin da za ka iya mantawa. Abin da na sa ya duba uku ne, kuma na fi nanata na tsakiya: ya iya komowa inda ya tashi in sadarwa ta yanke, ya kasance da ɗan hannun nan mai lanƙwasa ta fuska uku da ke riƙe kyamara, wanda ko jirgin na tangaɗi hoton ba ya girgiza, sannan batir ya wadatu. Hoto mai rawa ba shi da magani, ko da lambobin da aka rubuta a kwali sun kai nawa. Mini 2 da ya fito a 2020 ya cika waɗannan, kuma sadarwarsa ta fi ta wanda ya gabace shi jure cunkoson gari. A kwali an ce yana minti 31 a sama; ka ƙaddara ashirin da 'yan kai, don dole ka sauko da saura. Saboda haka batir uku, da farfela na canji.

Na hannu ya saya a kasuwar Computer Village, na kuma raka shi. Na sa an kunna a gabanmu, muka duba sau nawa aka yi cajin kowane batir, na shafa su da yatsa ko akwai mai kumburi, don zafin Legas na kumbura su, mai kumburi kuwa wuta ce a jaka. Muka tabbatar mai shi na da ya cire shi daga asusunsa. Mai shagon ya ce bai taɓa ganin tsoho mai tsaurin ciniki irina ba. Na ce masa a hannun ɗan Ijebu na tashi.

Abu ɗaya ne har yanzu muke ja da yaron nan. Shi yana ganin in hukuma ta yarda, magana ta ƙare. Ni kuwa na tashi na ga magini ba ya hawa katanga ko soro sai ya ɗaga murya ya sanar da maƙwabta, don mata su kimtsa. Jirgin nan yana hawa sama da kowane soro, kuma ba ya sallama. Mai biki ya ba ka izinin gidansa, amma kyamarar tana ganin tsakar gida biyar: mai wanki, mai shayarwa, makewayin da ba rufi. Su ba su gayyace ka ba. Na sa masa sharaɗi: kafin ya tashi ya sanar da gidajen da ke kewaye, kyamara ta kalli titi da ayari, kada ta kalli ƙasa a kan gidan kowa, kuma kada ya bi ta kan taron jama'a, don farfela na yanka. Ya ce haka zai rage masa kasuwa. Mai yiwuwa ne.

Kasuwar ma ba inda ya zata ta ɓullo ba. Ya yi koyonsa a wani fili can bayan gari, nesa da hanyar jirage, da safe kafin iskar teku ta taso. Aikin farko da aka biya shi ba biki ba ne. Wani Alhaji ɗan kasuwar shinkafa ne da ya sayi fili ta wajen Mowe a jihar Ogun, yana zargin maƙwabci ya ci masa iyaka. Yaron ya tashi jirgin, ya ɗauko filin da turakunsa huɗu, aka buga a babbar takarda, Alhaji ya kai wa mai safiyo. Tun daga nan masu filaye da masu gini ke kiransa, da wani mai gonar kifi a Ikorodu. Bikin Agege da na Isolo kuwa, har gobe daga ƙasa muke ɗauka, ni a gefe ina nuna masa wadda aka ce kada a ɗauka.