Lissafin Ƙuri'a Kafin Jin Shaida: Nazari kan Yadda Jam'iyyu Ke Kare Shugabansu a Shari'ar Tsigewa a Amurka

A ranar 18 ga Disamba, 2019, labari ya bazu cewa an tsige Donald Trump. Gari ya waye mutumin yana nan a fadarsa yana sa hannu a takardu, masu sauraro da yawa kuwa suka rasa gane abin da ya faru. Ruɗanin daga kalmar ya taso. A Hausa, abin da aka tsige ya rabu da mazauninsa ke nan, kamar gashi ko haƙori. A tsarin Amurka kuwa aikin hawa biyu ne. Majalisar Wakilai ce ke tuhuma, kuma rinjaye ko da na ƙuri'a ɗaya ya ishe ta. Majalisar Dattawa ce ke shari'ar, Alƙalin Alƙalan ƙasar yana shugabantar zama idan shugaba mai ci ne a gabanta, kuma sai kashi biyu bisa uku na sanatocin da ke zaune sun yarda kafin a cire shi. Idan duka 100 sun hallara, ƙuri'a 67 ke nan.

Wannan adadi shi ne mabuɗin duk wata dabara da za a gani. Shugaban da ya riƙe sanatoci 34 ya tsira, ko da shaidar da ke kansa ta kai tudu. Tun 1788 Alexander Hamilton ya hango haɗarin, inda ya yi gargaɗi cewa ƙarfin ɓangarori na iya yanke hukunci maimakon gaskiyar laifi ko rashinsa. Abin da nake so in nuna shi ne, kariyar da jam'iyya ke yi wa shugabanta ba ta nufin wanke shi a idon mai adalci. Aikinta shi ne ta samar wa kowane sanata wurin tsayawa, wato hujjar da zai iya kai wa mutanen mazaɓarsa ba tare da ya ji kunya ba, kuma ba tare da ya rasa kujerarsa a zaɓen fid da gwani ba.

Ya kamata a fara da inda kariyar ta rushe, domin a can ake ganin abin da ke riƙe da ita. Richard Nixon ya shafe shekara biyu yana musun hannu a rufa-rufar Watergate, 'yan jam'iyyarsa ta Rifablikan kuma suna cewa a kawo hujja ƙwaƙƙwara da ta haɗa shi da laifin kai tsaye. Wannan matsayi yana da rauni guda: ya jingina ga abin da za a iya tabbatarwa. A ranar 24 ga Yuli, 1974, Kotun Ƙoli ta umarce shi da ya miƙa kasakasan da aka naɗi hirarrakinsa, babu alƙali ko ɗaya da ya saɓa. A ƙarshen watan kwamitin shari'a na Majalisar Wakilai ya amince da tuhuma uku, 'yan Rifablikan shida suna cikin waɗanda suka goyi bayan ta farko. Ranar 5 ga Agusta aka saki kaset ɗin da aka ji muryarsa yana amincewa a yi amfani da hukumar CIA a dakatar da binciken FBI. Charles Wiggins, wanda ya fi kowa iya kare shi a kwamitin, ya janye a ranar. Bayan kwana biyu jagororin jam'iyyarsa a majalisa, Barry Goldwater da Hugh Scott da John Rhodes, suka same shi suka gaya masa cewa masu tsaya masa a Majalisar Dattawa ba su kai 20 ba. Ranar 9 ga wata ya sauka.

Darasin da 'yan siyasar baya suka ɗauka daga nan, a ganina, shi ne kada a sake gina kariya a kan cewa abin bai faru ba kawai, kuma kada a bar sabuwar shaida ta shigo zauren idan da hali.

Jam'iyyar Dimokurat ce ta fara gwada rabin wannan darasi a 1998. Bill Clinton ya musanta alaƙarsa da Monica Lewinsky har na wata bakwai, daga baya ya amsa. Daga nan musu ya ƙare, sai aka koma wata hanya: a la'anci halin, a ƙi hukuncin. Sanata Joe Lieberman ya tashi a zauren majalisa a watan Satumba ya yi tir da shugaban jam'iyyarsa, wasu suka bi sahu, aka kawo shawarar a tsawata masa a rubuce maimakon a cire shi. Wannan ya ba kowane ɗan Dimokurat damar cewa bai goyi bayan ɓarna ba, alhali ƙuri'arsa tana wurin shugaba. A gefe guda kuma aka juya akalar magana zuwa kan mai bincike, Kenneth Starr, cewa an ba shi aikin binciken cinikin fili, ya ƙare yana tonon asirin ɗakin kwana. Dabarar ta ci. A zaɓen Nuwamba 1998 Dimokurat ta ƙaru da kujeru biyar a Majalisar Wakilai, abin da ba a saba gani ba ga jam'iyyar shugaba a tsakiyar wa'adi, Newt Gingrich kuma ya bar kujerar kakaki. Majalisar ta ci gaba ta tuhumi Clinton ranar 19 ga Disamba, da ƙuri'a 228 da 206 kan rantsuwar ƙarya, 221 da 212 kan yi wa shari'a zagon ƙasa. A makon ne ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup ta nuna kashi 73 cikin ɗari suna yaba aikinsa. Ranar 12 ga Fabrairu, 1999, tuhumar farko ta samu sanatoci 45, ta biyu 50, babu ɗan Dimokurat ko ɗaya a ciki.

Bai kamata nasarar ta rufe gaskiya ba. Bayan wata biyu wata alƙaliyar tarayya, Susan Webber Wright, ta same shi da raina kotu saboda shaidar da ya bayar, a 2001 kuma aka dakatar da lasisinsa na lauya na shekara biyar. Laifin yana nan. Abin da jam'iyyarsa ta yi nasara a kai shi ne gamsar da jama'a cewa bai kai a cire shugaba ba, kuma wannan muhawara ce halastacciya, domin kundin tsarin mulkin ya ambaci cin amanar ƙasa da cin hanci da sauran manyan laifuka ba tare da ya zayyana su ba.

Shari'ar Trump ta farko ce ta nuna dabarar a cikakkiyar surarta, shi ya sa ta cancanci a tsaya a kanta. Zargin shi ne, a wayar da ya yi da shugaban Yukren, Volodymyr Zelensky, ranar 25 ga Yuli, 2019, ya nemi Yukren ta binciki Joe Biden da ɗansa, a lokacin da aka riƙe tallafin soja na dala miliyan 391 da majalisa ta riga ta amince a bayar. Kariyar farko ita ce babu wani ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda. Ranar 17 ga Oktoba Mick Mulvaney, mai riƙon muƙamin shugaban ma'aikatan fadar, ya amsa a gaban 'yan jarida cewa riƙe kuɗin yana da nasaba da neman wani bincike, kafin dare ya janye maganar. Ranar 20 ga Nuwamba Gordon Sondland, jakadan da Trump ya naɗa da kansa, ya shaida cewa an ɗaura ganawa a fadar shugaban da sharaɗin Yukren ta sanar da binciken. Tun kafin wannan an riga an buɗe kariya ta biyu, wato a bar maganar laifi a kama maganar tsari: ana sauraron shaidu a asirce, ba a ba shugaba damar kare kansa ba, wanda ya fallasa zancen wayar ji ya yi bai gani ba. Ranar 8 ga Oktoba lauyan fadar, Pat Cipollone, ya rubuta wa majalisa cewa ba za su ba da takarda ko mai shaida ba. Ranar 23 ga wata wasu 'yan majalisar Rifablikan suka kutsa ɗakin sirrin da ake sauraron shaida, duk da cewa 'yan jam'iyyarsu da ke cikin kwamitocin suna zaune a ciki suna yin tambayoyi.

A lura da yadda kariyoyin ke tallafa wa juna. An hana waɗanda suka ji daga bakin shugaba su zo, sannan aka ce shaidun da suka zo ba su ji daga bakinsa ba. Ga wanda ke neman gaskiya wannan tufka da warwara ce. Ga sanatan da ke neman wurin tsayawa kuwa, kowace ɗaya daga cikinsu ta wadatar, ba ya bukatar su dace da juna.

Su ma masu tuhuma sun yi nasu lissafin. A watan Maris na 2019 kakakin Majalisar Wakilai, Nancy Pelosi, ta ce ba ta goyon bayan tsigewa sai da hujja mai ƙarfi da goyon bayan jam'iyyun biyu. Da aka fara, sai aka yi gaggawa don kada a shiga lokacin zaɓe, aka ƙi jiran kotu ta tilasta wa John Bolton, tsohon mai ba da shawara kan tsaro, ya bayyana. Bayan an kaɗa ƙuri'a, 230 da 197, ba tare da ɗan Rifablikan ko ɗaya ba, sai Pelosi ta riƙe takardun tuhumar kusan mako huɗu. Wannan ya ba abokan hamayya abin cewa: idan haɗarin na gaggawa ne, me ya kawo jinkiri? Laifi tudu ne. Jerry Nadler, wanda a 1998 ya yi gargaɗi kan tsigewar da jam'iyya ɗaya ke yi, shi ne ya jagoranci kwamitin shari'a a 2019. Lindsey Graham, wanda ya gabatar da ƙarar Clinton a 1999, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu kare Trump, shi kansa Starr kuma yana cikin lauyoyinsa.

Ranar da ta fi muhimmanci a shari'ar ita ce 31 ga Janairu, 2020. Kwana biyar kafin nan jaridar New York Times ta ba da rahoton cewa Bolton ya rubuta a littafinsa cewa Trump ya gaya masa riƙe kuɗin yana da alaƙa da binciken, Bolton kuma ya riga ya ce zai zo idan Majalisar Dattawa ta kira shi. Wannan shi ne makamancin kaset ɗin Nixon. Sanatoci 51 suka ƙi a kira shaidu, 49 suka so. Sanata Lamar Alexander na Rifablikan ya ce ba a bukatar ƙarin shaida domin an riga an tabbatar da abin, bai dace ba, amma a bar wa masu zaɓe su yanke hukunci a Nuwamba. Wato an dawo kan kariyar Clinton, bayan an shafe wata huɗu ana cewa babu abin da ya faru. Alexander ba ya neman tazarce a lokacin, don haka tsoron mazaɓa kaɗai bai isa ya bayyana matsayinsa ba. Akwai zumuncin jam'iyya, akwai kuma imani na gaske cewa cire shugaba ana saura wata tara zaɓe zai raba ƙasa. Mitch McConnell, shugaban masu rinjaye, tun Disamba ya faɗa a fili cewa yana aiki tare da lauyoyin fadar, kuma shi ba alƙali ne mara ɓangare ba, duk da rantsuwar yin adalci da kowane sanata ke yi. Ranar 5 ga Fabrairu aka wanke Trump da 52 da 48. Mitt Romney ya zama sanata na farko a tarihi da ya kaɗa ƙuri'ar cire shugaban jam'iyyarsa.

Shekara guda bayan haka, da aka sake tuhumarsa kan harin da aka kai majalisa ranar 6 ga Janairu, 2021, wurin tsayawar ya koma batun hurumi: ba a shari'ar wanda ya riga ya sauka. McConnell ya kaɗa ƙuri'ar wankewa, ya kuma tashi ya ɗora wa Trump alhakin harin. Sanatoci 57 suka same shi da laifi, saura goma. Daga cikin 'yan majalisar wakilai goma na Rifablikan da suka goyi bayan tuhumar, huɗu ba su sake tsayawa ba, huɗu sun faɗi a zaɓen fid da gwani, har da Liz Cheney, biyu kacal suka dawo. Gani ga wane ya ishi wane.

Mai karatu a Nijeriya ya san ɗaya fuskar wannan lissafi. A watan Yuni na 1981 majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta cire Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP, wanda ko kwamishinoni ba ta bari ya naɗa ba. A can adadi ya ceci shugaba, a nan adadi ya kayar da gwamna.

Ban ga aibi ba idan sanata ya saurari komai sannan ya ce laifin bai kai na tsigewa ba. Kundin ya bar masa wannan hukunci, kuma mutanen kirki sun saɓa a kansa a 1999 da 2020. Abin da ba shi da madogara shi ne alƙali ya toshe kunnensa ga mai shaidar da ya ce a shirye yake. A shari'ar Clinton an ɗauki shaidar mutum uku a bidiyo, ciki har da Lewinsky. A ta Trump ta 2020 ba a kira ko mutum ɗaya ba, kuma a wurina wannan ƙuri'a ta 51 da 49 ta fi wankewar kanta yi wa tsarin illa.