Matar da aka yi wa kirari, da matar da ta amsa

A ƙarshen ƙarni na 16, mawaƙan Ingila sun aro salon yabon mace daga Petrarca na Italiya. Philip Sidney ya zuba nasa a Astrophil and Stella, wanda aka buga a 1591, Edmund Spenser ya biyo da Amoretti a 1595. Mai karatu na iya ɗauka daraja ce mace ta samu. Amma masu nazarin dangantakar harshe da iko, irin su Norman Fairclough, sun saba da wata tambaya: a cikin jimla, wa ke aikatawa, kuma wa ake aikata wa? In aka auna waƙoƙin da wannan ma'auni, sai a tarar namiji ne ke kallo, shi ke kuka, shi ke yanke hukunci. Ita kuwa an rarraba ta gaɓa-gaɓa: idanu taurari, gashi zinariya, leɓe murjani, leɓen da ba safai yake buɗewa ba. Ko Shakespeare, da ya yi wa salon ba'a a waƙarsa ta 130, bai bari a ji ta bakin matar ba. Dokar zamanin ma haka take, domin dukiyar hannun matar aure ta miji ce.

A 1611 sai ga Aemilia Lanyer, ƴar wani makaɗin fada ɗan asalin Italiya, ta buga Salve Deus Rex Judaeorum, ta sadaukar da shi ga manyan mata. A ciki ta ɗauko laifin da al'adar Kirista ta daɗe tana ɗora wa Hawwa'u, ta sa matar Bilatus ta zama mai kare ta. Hujjar mai kaifi ce: Hawwa'u yaudarar ta aka yi, Adamu kuwa shi ya karɓi umurni kai tsaye, kuma shi ake kira mai ƙarfi. In da gaske ya fi ƙarfi, to laifinsa ya fi girma. Da sandar maza ta doke su.

Littafin bai yi tashe ba, kuma ya shafe sama da shekara 300 kusan a mance. Wanda ya sake fito da sunanta a 1973, masanin tarihi A. L. Rowse, ba waƙarta ce ta fara jan hankalinsa ba. Cewa ya yi ita ce farkar da Shakespeare ya waƙe, da'awar da yawancin masana ba su karɓa ba.