Wa Ke Riƙe da Alƙalamin Zaɓe? Rikicin Masu Horarwa da Shugabanci a Jimnastik ɗin Amurka

Akwai ra'ayin da ya zauna daram a bakin wasu masu sharhin wasanni game da abin da ya afka wa USA Gymnastics, hukumar da ke kula da wasan alkafura da lanƙwasa jiki, wato jimnastik, a Amurka. Masu wannan ra'ayi na cewa tsarin da Bela Karolyi da matarsa Martha suka gina lafiyayye ne, mugun likita ɗaya ne ya shigo ya ɓata shi, guguwar murabus ɗin 2018 kuwa rashin dace da shugabanni ce kawai. Wannan maƙala na ganin an yi wa tarihin gajeren karatu. Ta'asar lalata da 'yan wasa da likitan tawagar, Larry Nassar, ya yi sananniya ce tun daga binciken jaridar Indianapolis Star a 2016 har zuwa Janairun 2018, lokacin da mata fiye da 150 suka yi magana a kotun Michigan aka yanke masa ɗaurin shekara 40 zuwa 175. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Tambayar da ake tsallakewa ita ce: wa ke da ikon cewa wance za ta Olamfik, wance ba za ta ba, kuma me wannan iko ya yi wa bakin kowa?

Rikicin ya girmi fallasar Nassar da shekara goma sha bakwai. A 1999 'yan matan Amurka suka zo na shida a gasar duniya, shekara uku kacal bayan zinaren Olamfik na Atlanta. Hankalin hukuma ya tashi, ta ɗauko Bela, wanda ya horar da Nadia Comaneci a Romaniya kafin ya tsere zuwa Amurka a 1981, ta naɗa shi mai kula da tawagar ƙasa. Nan da nan ya saka dokar taruwa a gandunsa da ke cikin daji kusa da Huntsville a jihar Texas. Masu horarwa da suka yi shekaru suna rainon 'yan wasansu suka ga an ɗora musu wani uban gida. A gasar Olamfik ta Sydney ta 2000 Kelli Hill ce shugabar masu horarwa a fili, Bela na zaune cikin 'yan kallo, amma kowa ya san hannun wa ke cikin zaɓen. Tawagar ta zo ta huɗu, ɗaya daga cikin 'yan wasan, Jamie Dantzscher, ta fito fili ta soke shi. Sai a 2010 aka ba su tagulla bayan an tabbatar ɗaya daga cikin 'yan wasan Sin ba ta kai shekarun shiga gasa ba.

A 2001 Martha ta karɓi kujerar mijinta, ta riƙe har 2016. Masu wancan ra'ayi kan ce a zamaninta rigima ta kwanta. Da alama shiru ne ya sauka, sulhu kuwa ba a yi ba. Kowane wata 'yan wasa da masu horar da su kan tafi gandun su yi kwanaki, ba a barin iyaye su shiga, waya da ƙyar take kamawa. Matar da ke duba atisayen ita ce babbar murya a kwamitin zaɓe, kuma a filin gidanta ake yin komai. Mai horarwa da ya ɗaga murya ya san 'yar wasansa ce za ta biya. Yarinyar da ƙafarta ke ciwo ta san in ta faɗa, wata na layi. Mattie Larson ta shaida wa kotu cewa akwai ranar da ta zuba ruwa a ƙasan banɗaki ta buga kanta da bahon wanka da gangan, don a ce ta faɗi, kada a kai ta sansanin. A irin wannan wuri ne likita mai fara'a, mai ɓoyo wa yara alewa da abinci, ya zama abin dogaro. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hujja mafi ƙarfi ta ɓangaren can ita ce sakamako, kuma ta cancanci a tsaya mata. Zinaren tawaga a London 2012 da Rio 2016, azurfa a 2004 da 2008, ga kuma gwanaye huɗu a jere da suka lashe gasar haɗa dukkan fannoni: Carly Patterson, Nastia Liukin, Gabby Douglas, Simone Biles. Suna cewa ba a samun wannan sai da hannun ƙarfe. Gaskiya ne taruwar wata-wata ta daidaita ma'auni, ta sa yarinyar Iowa ta san inda ta Texas ta kai, wannan ba abin musu ba ne. Amma waɗannan huɗun ba a gandun aka ƙera su ba. Evgeny Marchenko ne ya raini Patterson, Valeri Liukin ya horar da 'yarsa Nastia, Liang Chow ya goge Douglas, Aimee Boorman kuma ta ɗauki Biles tun tana ƙarama. Kwanaki kaɗan a wata ba su kai wahalar kullum a zauren atisaye na gida ba. Bayan an rufe gandun, Amurka ta ci zinaren tawaga a gasar duniya a 2018, 2019, 2022 da 2023. Za a ce ai Biles ce. To, a Liverpool a 2022 babu Biles aka ci. Za a ƙara cewa an hana Rasha shiga a wannan shekarar, kuma a Tokyo, inda Biles ta janye, Rashawa ne suka yi zinare Amurka ta yi azurfa. Wannan ma haka yake. Saboda haka iyakar abin da za a iya faɗa shi ne lambobin yabon ba su tabbatar da cewa tsoro ne ya kawo su ba.

A nan ya kamata a ja linzami. Maƙalar ba ta cewa Karolyi da matarsa sun san abin da Nassar ke yi. Sun musanta, kuma masu gabatar da ƙara a Texas da suka binciki gandun a 2018 ba su tuhume su da laifi ba. Iƙirarin ya fi haka ƙanƙanta, kuma ya fi wuyar ture wa: an tara horarwa da zaɓe da jinya a wuri ɗaya, ƙarƙashin idon mutum ɗaya, ba tare da wata ƙofa ta kai kuka ba. Rahoton Deborah Daniels na 2017 da na kamfanin lauyoyi Ropes & Gray na 2018 duk sun nuna yatsa ga wannan al'ada ta fifita nasara kan lafiyar yara. Ko da aka samu mai magana, sai maganar ta maƙale a sama. A Yunin 2015 Sarah Jantzi, mai horar da Maggie Nichols, ta kai ƙarar Nassar, hukuma ta yi mako biyar kafin ta sanar da FBI.

Da wannan idon ne za a karanta 2018. Steve Penny ya riga ya ajiye shugabancin hukumar a Maris 2017. A Janairun 2018 duk kwamitin gudanarwa ya sauka bisa umarnin kwamitin Olamfik na ƙasar. A Fabrairu Valeri Liukin, magajin Martha, ya tafi. Mary Lee Tracy ta yi kwana uku a kan wani muƙami a hukumar bayan 'yar wasa Aly Raisman ta tuna wa duniya cewa ta taɓa kare Nassar. Kerry Perry ta yi wata tara tana shugabantar hukumar. Mary Bono, wadda ta gaje ta, ta yi kwana huɗu, Biles da Raisman suka soki naɗin nata, ta ajiye. A Disamba hukumar ta shigar da takardar karyewar arziki. Rashin dace ba ya maimaita kansa haka. Hukuma ce da ta saba naɗa mutum ba tare da tambayar 'yan wasa ba, ta wayi gari 'yan wasan sun daina jin tsoron alƙalamin zaɓe.

Tsugune bai ƙare nan take ba. Tom Forster ya riƙe kujerar kula da tawagar ƙasa shi kaɗai daga 2018, ya sha suka kan yadda aka zaɓi tawagar Tokyo, ya sauka a ƙarshen 2021, a watan da aka amince da diyyar dala miliyan 380 ga waɗanda aka zalunta. A 2022 aka raba kujerar gida uku tsakanin Chellsie Memmel, Alicia Sacramone Quinn da Dan Baker, biyu daga cikinsu tsofaffin 'yan wasan da suka san gandun ciki da bai. A ƙarƙashin wannan rabon iko aka fitar da tawagar da ta ci zinare a Paris a 2024, Biles na da shekara 27.