Ma'aunin Albarushi: Daga Yatsun Maharbi Zuwa Injin Sassaƙar Ƙarfe

Ma'aunin albarushi ɗan ƙaramin mazubi ne, tsawonsa bai cika wuce yatsa ba, wanda mai bindigar gargajiya ke cikawa kafin ya ɗura. Bindigar da ake kira adaka ko harba-ka-ruga ba ta da harsashi haɗaɗɗe kamar ta zamani. Ta baki ake ciyar da ita: a zuba albarushi, a danna tsumma, a sa dalma ko guntayen ƙarfe, a sake dannawa da sanda. Saboda haka nauyin awo yana wuyan mai harbi. In ya ƙwarari bindiga, harbin ba ya kai ko'ina. In ya cika mata ciki, bututun na iya fashewa a hannunsa.

Bindiga ta daɗe a Borno da ƙasar Hausa kafin ta yawaita. Mai Idris Alooma na Borno ya yi amfani da 'yan bindiga da Turkawa suka horar tun a ƙarni na 16. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, aka kawo bindigogi Kano, kuma Babba Zaki (1768 zuwa 1776) ne sarki na farko da ya ajiye 'yan bindiga suna tsaronsa. Duk da haka doki da mashi da kwari da baka su ne suka ci gaba da ɗaukar yaƙi. A 1826 Baturen nan Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tana yaƙar Gobirawa, bindigogin da ya ƙirga a cikin dubban mayaƙa ba su kai hamsin ba.

Al'amari ya canja a rabin ƙarni na 19 na ƙarshe, lokacin da 'yan kasuwar Turai suka kafu a bakin kogin Kwara, Nupawa kuma suka zama dillalan bindiga da albarushi zuwa arewa. Zazzau tana kan wannan hanya, sai ta samu rabonta da wuri. Sarkin Zazzau Yero ya kafa rundunar 'yan bindiga daga cikin bayin sarki, Kwasau da ya hau gadon sarauta bayansa ya gaje ta. Can arewa kuma, Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa ana haɗa albarushi ana ƙera igwa a birnin Damagaram. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa mutanen wannan yanki bindigogin zamani, amma ta bar ƙofa a buɗe ga bindiga mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Wannan na cikin dalilan da suka sa tsohuwar bindiga ta zauna daram a Afirka ta Yamma bayan Turai ta daina yayinta.

Awo na farko da yatsa ake yinsa. Mai harbi yakan zuba albarushi a tafin hannu gwargwadon yadda ido ya saba, ya juye a bututu, ya danna. Daga nan ya dubi abin da ya rage na sandar ɗuri a waje, ya gwada da faɗin yatsunsa: yatsa uku, yatsa huɗu. Dabarar tana da hikima, domin tana nuna ko akwai ɗuri a cikin bindigar tun farko, kada a ɗora wani a kai. Sai dai yatsun mutane ba ɗaya ba ne, faɗin bututu ba ɗaya ba ne, albarushin ma ba ɗaya ba ne. Na gida, wanda ake haɗawa da gawayi da farar wuta da wani gishiri da ake tacewa daga ƙasa, ƙarfinsa ya danganta da hannun wanda ya daka shi, kuma yana shan raɓa da damina. Wanda ya saba da mai sanyi, ranar da ya samu na kanti mai kaifi ya zuba masa yatsu iri ɗaya, ya shiga haɗari.

Maganin da maharba suka samo shi ne mazubi tsayayye. Ana yanke tsinin ƙahon akuya ko na gada, ko gaɓar gora, a rarake, a rinƙa rage bakin har ya ɗauki daidai abin da bindigar ke so. A huda gindinsa a ɗaure da tsinkiyar fata a jikin burgami, kusa da layu da ƙahon da ake ajiye albarushi. Kowace bindiga da nata. Akwai wani amfani da ya fi daidaita ƙarfin harbi: ba a tuttula albarushi kai tsaye daga babban ƙaho zuwa bututun da aka harba yanzu, domin ragowar garwashi a ciki na iya kama shi, wutar ta bi har hannu. Ɗan mazubi yana raba tsakani, in ma ta kama, abin da ke cikinsa kaɗai zai ci.

Maƙera sun shiga aikin ta fuska biyu. Maƙeran baƙi ke gyara kunama da bututu, daga baya har suna ƙera bindigar sukutum. Maƙeran fari, masu aikin tagulla da azurfa, su suka fi dacewa da ma'auni, saboda tagulla ba ta fitar da tartsatsi in ta gogi wani abu, kuma ba ta tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Da masaba da magagari ana iya naɗe tagulla a like ta, amma da wuya cikin ya fito sumul, kuma biyu ba sa zuwa daidai.

Wannan giɓi injin sassaƙar ƙarfe ya cike. Injin yana damƙe sandar tagulla yana juya ta da sauri, ma'aikaci ya kusanto da kaifi yana feƙe bayanta, ɓawon na fita a nannaɗe kamar zare, sannan ya huda cikin zuwa zurfin da ya auna. Da yake faɗi da zurfi ne ke yanke yawan abin da mazubi zai ci, ana iya fitar da goma duk ciki ɗaya. A Turai da Amurka an ƙara masa gindi mai zamewa da zane-zanen awo a jiki, ta yadda mazubi ɗaya zai yi wa bindigogi da yawa. Masu sha'awar tsofaffin bindigogi a can har yau suna sassaƙa irinsa da tagulla ko katako ko ƙahon barewa. Irin waɗannan injuna sun yaɗu a Arewa ne tare da jirgin ƙasa, wanda layinsa ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, da ma'aikatun gyara da suka biyo bayansa.

A wannan zamanin ne aka kafa Tudun Wada a wajen ganuwar Zariya, gaban Ƙofar Doka, domin baƙin da suka zo daga sauran ƙasashen Arewa, kuma unguwar Gyallesu ta bunƙasa a jikinta. Unguwar ta tashi ne bayan bindigar gargajiya ta bar fagen fama, tun da Turawa suka shiga Zariya a 1902. Abin da mutanen Gyallesu suka sani na albarushi shi ne na farauta da rani, da na 'yan sintiri, da kuma na Sallah, lokacin da 'yan bindigar Sarkin Zazzau ke ɓarin wuta a Hawan Sallah da Hawan Bariki da Hawan Daushe, ƙarar na tsallako ganuwa. Ɗurin biki ba shi da dalma, amma nan ne aka fi jarabtar mutum ya ƙara awo don bindigarsa ta fi ta abokinsa amo, alhali yana tsakiyar dawaki da jama'a. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta ware bindigogin da ake ɗurawa ta baki a aji na daban, ta kuma hana ƙera kowace irin bindiga sai da izini.