Tafkin Madarumfa da Gulbin da Ke Shayar da Shi

Ƙasar Hausa ba ta da bakin teku, saboda haka ba ta da irin tsibiran nan na arewacin Turai waɗanda babu mazauna cikinsu sai tsuntsaye. Amma tana da kishiyarsu, watau ɗan ruwan da tudu ya kewaye. Ga tsuntsun da ya ƙetaro Sahara da kaka, tafki shi ne tsibirinsa. Ɗaya daga cikin irin waɗannan shi ne tafkin Madarumfa, wanda ke kudu da Maraɗi, ba nisa da kan iyakar Jibiya.

Idan tafkin ya cika yakan kai kimanin hekta 800, da bazara kuwa ya janye ƙwarai. Kukoki da gawo sun yi masa zobe. Akwai tarwaɗa da karfasa a cikinsa. A bakinsa ana ganin belbela da zalɓe da kirinjijiya, sa'an nan da baƙin tsuntsaye masu zuwa cin rani daga Turai. A kewayensa ne kuma kaburburan nan suke waɗanda ake jingina wa waliyyai 99, ake kai musu ziyara.

To, amma rayuwar wannan kwari daga kudu take zuwa. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina ya taso, inda ake ce masa Gada. Ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya ratsa Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri, kana ya komo Nijeriya ya faɗa Rima. A kwarinsa ne sarakunan Katsina na Haɓe suka kafu bayan jihadi, wajen 1819, a ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Daga baya Ingila da Faransa suka shata iyakar da ta ratsa kwarin tsakanin 1906 da 1908.

A da, yawan ruwan ne abin tsoro: ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin Maraɗi har aka mai da shi kan tudu. Daga baya al'amarin ya juya. Da aka gina madatsar Jibiya a kan Gada wajen 1989, ruwan da ke gangarawa arewa ya ragu. Ba za a ga laifin manomin Jibiya don ya nemi noman rani ba, sai dai masuncin Madarumfa ma da wannan ambaliyar ya dogara.

A Yulin 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suka haɗa su, har da wannan gulbi. Rubuta ta ya fi aiwatar da ita sauƙi. A 2019 aka sa tafkin cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar.