Motocin Gwanjon Soja a Hanyar Ƙaura: Abin da Na Gani da Abin da Na Ji

Kwanakin baya na bi ta wani garejin manyan motoci a Gusau, sai idona ya kai kan wata gingimari da ta yi shekaru a jingine, ciyawa har ta tsiro a ƙarƙashinta. Inda fenti ya ɓare, ana hango koren launin soja. Ganinta ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin irin waɗannan motoci sun yi wa ƙasarmu bauta, amma ban taɓa ganin wanda ya ba su ko shafi guda ba.

Mai karatu, sai mu fara daga jirgin ƙasa. A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda, a bakin gulbin Gagare. Daga nan bai ƙara gaba ba. Ke nan gyaɗa da auduga da fatun da ke ƙasar Zurmi da Shinkafi da Isa, dole wani abu ya kai su tasha. Da farko jakuna da raƙuma ne. Bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, 'yan Boma, wato sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 da suka yi yaƙi da Japanawa, suka dawo gida, da dama cikinsu sun iya tuƙi da kanikanci. A daidai lokacin kuma Turawa suka yi ta gwanjon motocin yaƙi. Waɗancan na fari masu shan fetur ne.

Zubi na biyu shi ne wanda na gani da idona. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya kumbura sojan Nijeriya daga kimanin dubu 10 zuwa wajen dubu 250, kuma kowace bataliya da motocinta. Da ƙura ta lafa sai aka shiga sayar da waɗanda suka gaji. Akwai Bedford ta Ingila, akwai kuma Marsandi mai gajeren baki, wadda kowa ya sani da 911. Ita ce ta shiga ran mutanenmu, saboda injinta mai silinda shida gas yake sha, ga haƙuri kamar jaki. Kawuna ya jinginar da gonarsa ta fadama ya sayi guda, aka cire mata tamfol ɗin soja, kafintoci suka ɗora mata bodin katako. Ni kuwa duk hutun makaranta sai in zama karen mota, aikina sa waigi da ɗebo ruwan lagireto.

Bakanikenmu wani dattijo ne ɗan Boma, Baba kawai muke ce masa. Ba ya karatun boko, amma hayaƙin salansa a wurinsa tamkar rubutun allo ne. Baƙin hayaƙi, gas ya yi yawa iska ta yi kaɗan, a je a wanke tukunyar tace iska, ƙurar hunturu ta toshe ta. Fari, gas bai ƙone ba, ko ruwa ya sami hanyar shiga. Shuɗi kuwa baƙin mai ake ƙonawa, ringi ya cinye, mai mota ya fara tanadin kuɗi. In inji na ɗingishi, sai ya riƙa sassauta bututun nozul ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka sassauta ƙarar ba ta canza ba, shi ne matacce. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne wuta. Motar soja batir biyu gare ta a haɗe, bolt 24, to direbobi sai su jona rediyon kaset a batir guda, bayan 'yan watanni batirin ya mutu ya bar ɗan'uwansa. Nan fa Baba zai yi ta faɗa da wani irin Turancin bariki da babu mai fahimta.

Yanzu ga labarin da na daɗe ina ɓoyewa. Wata ranar Laraba da dare muka tashi daga Ƙaura da lodin goro da gishiri, da fatake a saman kaya, muna son mu riski kasuwar Shinkafi ta Alhamis. Kuɗin wannan lodi da shi Kawu zai cika abin da ya rage na fansar gonarsa. Mun yi nisa sai mota ta fara shaƙewa, ta mutu. Duk ɗan mota ya san dokar gas: in iska ta shiga layi, sai a sassauta ƙusar kan filta, a yi ta danna famfon hannu har kumfa ta ƙare gas ya fito zalla, sannan a ɗaure. Muka yi, ta tashi. Ba mu ci mil biyu ba ta sake mutuwa. Sau uku ana haka. Fatake suka fara guna-guni, masu goro na lissafin asara, Kawu ya yi shiru, wanda ya fi faɗa ciwo.

Allah ya sa Baba na cikin tafiyar, za shi ziyara. Ya sauko, ya kasa kunne, ya ce da direba, “Wanga ba ciwon inji na ba, yunwa ta. Wani abu na tare mata abinci.” Ya sa aka zuƙo gas a jarka, aka ɗaure ta a kan rufin gidan direba, ya saƙalo tiyo daga jarkar zuwa famfo, ya bar tankin gaba ɗaya. Aka fitar da iska, mota ta tashi, ba ta ƙara ko tari ba. Ni aka ɗora a sama na rungume jarkar har gari ya waye mana a Shinkafi.

Da hantsi Baba ya zura waya a tanki, ya jawo wani tsumma. Hujjarsa ita ce, in inji na aiki sai tsumman ya manne a bakin bututun zuƙa, in ya mutu sai ya saki ya yi gefe, shi ya sa take tashi ta sake mutuwa. Ya dube ni ya ce, “Kai ɗiyana, wa at tace gas jiya?” Ni ne. Gas ɗin duro yakan zo da ruwa da tsatsa, don haka da ƙyalle ake tace shi, nawa kuma ya suɓuce ya faɗa ciki, tsoro ya hana ni faɗi. Baba ya cusa tsumman a aljihu, ya ce wa Kawu datti ne kawai. Kawu ya fanshi gonarsa, ya rasu bai san gaskiya ba.

Daga baya aka buɗe masana'antar Steyr a Bauci a 1979, da ta Marsandi a Inugu a 1980, sai na gwanjo suka fara ja baya, ana farke su ana sayar da kayan. Jirgin Ƙaura ya daina zuwa, gyaɗar ma ta tafi. Hanyar da muke bi da tsakar dare ba fargabar komai sai ta faci, ita ce 'yan bindiga suka addaba, har a 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako na wani lokaci, ta Shinkafi na ciki.

Na tambayi mai garejin nan na Gusau ko gingimarin za ta tashi. Ya ce injinta lafiya lau, wanda zai iya saita mata famfo ne ya rasu bara.