Tambayar da ta shekara sama da 120 tana jiran amsa 🧵

1/ Jiya ƙanina ya tarar da ni ina karatu a kan yadda lantarki ke tafiya cikin ƙarfe mai maganaɗisu. Ya ce, "Yaya, wai wannan me zai sayo maka?" Dariya na yi, amma abin ya tsaya min a rai. To ga amsata, ku biyo ni.

2/ Mu fara daga Gilasgo, 1856. William Thomson, wanda daga baya ya zama Lord Kelvin, ya tura lantarki cikin baƙin ƙarfe da nikel, ya kawo maganaɗisu kusa. Idan lantarkin ya bi layin maganaɗisun, turjiyar ƙarfen ta ƙaru. Idan ya gitta shi, ta ragu. Dalili? Shiru.

3/ Sai 1879 a Jami'ar Johns Hopkins, Amurka. Wani ɗalibi, Edwin Hall, ya karanta a littafin Maxwell cewa maganaɗisu wayar yake turawa, bai shafi lantarkin cikinta ba. Yaron bai yarda ba fa. Ya gwada da zinare mai sirantar fatar albasa, ya ga lantarkin na karkata gefe guda.

4/ Da ya koma kan baƙin ƙarfe, a 1881 ya ba da rahoton cewa karkatar ta ninka ta sauran ƙarafa kusan sau 10. Ku tuna, lokacin ko ilektiron ba a gano ba, sai 1897. Ya ga hayaƙi ne tun ba a san wutar ba.

5/ A 1925 Uhlenbeck da Goudsmit, matasa biyu a Holan, suka ce ilektiron na da wani abu kamar juyi. Ku ɗauke shi kamar katantanwar da muke murzawa muna yara, tana juyi tana tafiya. Misali ne kawai, amma ya isa. Juyin nan ya sa kowane ilektiron ya zama ɗan ƙaramin maganaɗisu.

6/ Ga sirrin: juyin da tafiyar suna da alaƙa. Masu juyi ta nan su karkata dama, masu juyi ta can su karkata hagu. A tagulla adadinsu ɗaya ne, sai su kashe juna. A baƙin ƙarfe ɓangare ɗaya ya fi yawa, shi ya sa karkatar ke fitowa fili. Abin da Kelvin ya gani ma daga alaƙar nan ya fito.

7/ Nan rigima ta tashi. A 1954 Karplus da Luttinger suka ce tsarin jerin ƙwayoyin ƙarfen kansa ne ke kawo karkatar. Jan Smit ya ce ina, karo ne ilektiron ke yi da dattin cikin ƙarfe. A 1970 Luc Berger ya ce wajen karon yana ɗan gocewa gefe. Aka shekara da shekaru ana jayayya.

8/ Lissafin da Michael Berry ya fitar a 1984 ne ya buɗe ƙofa. A farkon shekarun 2000 aka yi amfani da shi aka sake lissafa na baƙin ƙarfe, ya zo kusa da abin da ake aunawa. Ashe kowa da rabonsa na gaskiya: ƙarfe mai tsabta sosai ya fi bin maganar Smit, mai ɗan datti ya fi bin ta su Karplus.

9/ To me ya sayo? A farkon shekarun 1990 IBM ta sa abin da Kelvin ya gano a kan da ke karanta faifan ajiyar kwamfuta. Kamfas ɗin wayarka da ke nuna maka gabas da yamma, da irin waɗannan na'urorin yake aiki. Haka na'urar auna gudun taya a motoci da yawa.

10/ Hall ya rasu 1938, bai ji amsar tambayarsa ba. Abin da ke damuna, mu yau ɗalibi na kawo tambaya sai a ce "zai fito a jarabawa?" Da haka aka ce wa Hall, da ya rufe littafin Maxwell ya haddace kuskuren.

11/ Ƙanina, ka ji abin da zai sayo. Wayar da ka turo min saƙon neman data ma, jikar wannan tambayar ce. 😄